Ku Tambaya Mu Amsa: Tsaron Babbar Waya Ga Sabon Shiga

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga waɗanda suka ajiye ƙaramar waya mai madannai suka koma babba ne. Mun zaɓi shida. Sunayen wuraren da za a latsa mun rubuta su yadda suke fitowa a fuskar waya, tunda yawancin Tecno da Infinix da itel da Samsung da ke hannun jama'a da Turanci aka saita su. Akwai ɗan bambanci daga waya zuwa waya, don haka in ba a ga abu a inda muka ce ba, a rubuta sunansa a wurin bincike da ke saman Settings.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya aiko da kuɗi na sayi babbar waya, ita ce ta farko a wurina. Yaron shagon ne ya buɗe min Gmail, ya sa min WhatsApp da Facebook, ya ce komai ya kammala. Akwai abin da ya rage in yi? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya yi wa yaro albarka. Da sauran aiki, kuma na farko shi ne Gmail ɗin nan.

Asusun Google, wato Gmail ɗin, ba na aika wasiƙa ba ne kawai. A cikinsa lambobin mutanenki ke zama, kuma duk wanda ya san kalmar sirrinsa zai iya ganin inda wayarki take, ya kulle ta, ko ya goge duk abin da ke ciki yana zaune a wani gari. Ba zargin yaron shagon muke yi ba. Amma saboda sauri da yawan masu jira, sau da yawa lambar wayar mai saye suke sa wa a matsayin kalmar sirri, wani lokaci kuma su sa tasu lambar a wurin da Google ke tura saƙon ceto. Ki koma ki karɓi adireshin da kalmar sirrin a rubuce. Daga nan ki shiga Settings, Google, Manage your Google Account, Security, sai Password, ki canza ta. A shafin dai ki duba Recovery phone, ki tabbatar lambarki ce a wurin. In ya ce ya manta, kada ki ja magana: ki buɗe sabon asusu yau tun wayar ba ta tara kaya ba, ki cire tsohon.

Sabuwar kalmar sirri ta kai haruffa 12 ko fiye. Hanya mai sauƙi ita ce ki haɗa kalmomin Hausa uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ki saka lambobi a tsakani. Ban da sunan 'ya'ya, ban da lambar waya. Ki rubuta a takarda ki adana inda kike ajiye takardun gida. Dalilin rubutawar shi ne tun daga Android 5.1 da ya fito a 2015, duk wayar da aka yi wa filashin ba ta buɗewa sai an shigar da asusun Google da ke kanta a da. An yi haka ne don ɓarayi, amma masu waya da yawa sun faɗa ramin saboda mantuwa.

Na biyu, kulle fuskar waya. Settings, Security, Screen lock, ki zaɓi PIN ki sa lambobi shida. Lamba huɗu tana da haɗi 10,000 ne kacal, shida kuwa tana da miliyan ɗaya. Ki guji shekarar haihuwa da 123456 da ƙarshen lambar wayarki, su ake fara gwadawa. Zanen nan da ake ja da yatsa ba mu cika ba da shawararsa ba: wanda ke zaune kusa da ke a adaidaita sahu kallo ɗaya zai yi ya haddace, kuma in aka karkata wayar a haske maiƙon yatsa kan nuna hanyar da aka bi. Ki sa hasken waya ya riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30. Sai ki shiga Notifications, ki nemo Lock screen, ki zaɓi a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa. In ba a yi wannan ba, lambar da banki ya turo za ta fito ɓaro-ɓaro a fuskar waya ko da tana kulle.

Na ƙarshe, ki danna *#06#. Lambobi 15 za su fito, su ne IMEI, shaidar wayarki. Mai sim biyu za ta nuna guda biyu. Ki gwada su da na jikin kwali, ki adana kwalin da rasit.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, kuɗin cinikina duk ta waya suke shiga. Na sa mata lambar sirri da zanen yatsa. Ke nan ko an ƙwace ta kuɗina ba abin da zai same su? Daga Kurna, Kano.

Amsa: Alhaji, wannan tambayar ce muka fi so kowa ya karanta amsarta. A'a, ba su tsira ba tukuna. Kulle waya ba ya kulle layi. Ɓarawon da ya san aikinsa ba zai tsaya kokawa da lambar sirrinka ba. Tsinke zai sa ya zare sim, ya cusa a ƙaramar waya, shi ke nan ya zama kai a idon banki. Kamar mutum ne ya datse ƙofar shago da kwaɗo, ya bar makullin durowar kuɗi rataye a waje.

Ga yadda abin yake. Layin da ka yi rajistar BVN, lambar shaidarka ta banki, da shi, in aka danna *565*0# a kansa, lambobin nan 11 za su fito. Ta *346# kuma ana iya ciro NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa. Duk lambar tabbatarwa da banki ko OPay ko Moniepoint ko PalmPay za su turo, kan layin za ta sauka. Sai su bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har su dace da naka. In kuma kana cikin masu cusa katin ATM da takardar NIN a bayan rigar waya, to ka haɗa musu komai wuri ɗaya, domin da lambobin jikin kati ake sauya fin a bankuna da yawa. Ko asusun ba kuɗi, suna iya cin bashi da sunanka. A raba kati da waya tun yau.

Maganin shi ne fin na sim, kuma aikin minti biyar ne. Kafin ka fara, ka nemo faffaɗan katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa. A nan aka buga PUK, lambobi takwas da ake buɗe sim da su in ya rufe. In ya ɓata, ka kira 300, lambar kula da masu hulɗa da Hukumar Sadarwa ta NCC ta daidaita wa dukkan layukan Nijeriya a 2023, ka tambayi PUK ɗinka da fin ɗin asali na layin. Sai ka shiga Settings, Security, SIM card lock; a wasu wayoyin yana ɓoye a ƙarƙashin More security settings. Ka kunna Lock SIM card, ka shigar da fin ɗin asali, sannan ka danna Change SIM PIN ka sa naka, daga lamba huɗu zuwa takwas. Kowane sim daban ake yi masa. Daga nan duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, ko aka mayar da sim wata waya, ba kira ba saƙo sai an sa fin.

Inda ake samun matsala shi ne cinke. Kuskure uku a jere sim ya rufe, sai da PUK. Kuskure goma a PUK sim ya mutu ke nan, sai an je ofis an yi sabo. In ka gwada sau biyu bai shiga ba, ka dakata ka tambaya. Kuma kada fin na sim ya zama ɗaya da na banki ko na fuskar waya.

Idan ƙaddara ta faɗa, Allah Ya kiyaye, akwai abin da ke gaba da wani. Banki ne farko. Yawancin bankuna suna da lambar rufe asusu da ake dannawa daga wayar kowa, misali *901*911# a Access da *966*911# a Zenith. Ka tambayi ta bankinka tun yanzu ka rubuta a takarda, domin a tsakiyar ruɗani ba za ka tuna ba. Bayan banki sai layi: ka ari waya ka kira kamfanin su rufe shi, ka je ofishinsu da NIN a yi maka sabon sim mai lambarka. Sai ita wayar: ka buɗe android.com/find a wata na'urar, ka shiga da asusun Google ɗinka, ka kulle ta, in ka fid da rai ka goge ta. Sannan ka kai rahoto wurin 'yan sanda da IMEI da rasit. Taswira za ta iya nuna maka unguwar da wayar take, amma muna roƙonka kada ka bi sawu da kanka. Masu ƙwacen waya da makami suke yawo, kuma an yi asarar rayuka a kan haka.

Wayoyin da ke da Android 10 zuwa sama sun samu ƙarin kariya tun 2024. Settings, Google, All services, Theft protection, ka kunna Theft Detection Lock. In wayar ta ji an fizge ta an zura da gudu, tana kulle kanta. Ba kullum take ganewa ba, amma kunnawa kyauta ce.

Tambaya: Wani ya kira ni ya ambaci sunana, ya ce daga guruf ɗin tsofaffin ɗaliban makarantarmu yake, za a yi taro ta intanet da dare, in karanto masa lambar da aka turo min don a sa ni a ciki. Na karanta masa. Yanzu WhatsApp ɗina ya fita, ana ta roƙon mutane kuɗi da sunana. Yaya zan yi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Sannu ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, ana dawo da shi. Abin da ya faru shi ne mutumin ya rubuta lambar wayarka a WhatsApp ɗin wayarsa, kamfanin ya turo lambobi shida zuwa layinka don tabbatar da mai shi, kai kuma ka miƙa masa. Sunanka a guruf ya gani, watakila bayan ya sace asusun wani daga cikinku. Babu taron intanet da ke buƙatar lambar da aka turo maka ta saƙo.

Tunda layin na hannunka, ka buɗe WhatsApp ka sake rajista da lambarka. Da zarar ka shigar da sabbin lambobi shida, shi zai fita. Abu biyu na iya tsayar da kai. Wataƙila a ce ka jira wasu awanni saboda an nemi lamba sau da yawa. Ka jira, yawan dannawa ƙara tsawon jiran yake yi. Ko kuma a tambaye ka fin da ba kai ka sa ba, alamar ɓarawon ya kunna mataki na biyu na tsaro, wato Two-step verification. A nan sai ka jira kwana bakwai, amma shi ma an riga an fitar da shi tun lokacin da ka sa lambar saƙo. Kafin nan ka kira 'yan'uwa da shugabannin guruf ta kira na baki, su cire lambar, su sanar da jama'a kada a tura ko sisi.

In ya dawo, ka shiga Settings na cikin WhatsApp, Account, Two-step verification, ka sa fin mai lamba shida, ka haɗa da adireshin imel don ranar mantuwa. Da ka yi wannan tun farko, lambar da ka karanta masa ba za ta ishe shi ba. Ka leƙa Linked devices ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba. A Privacy kuma, ka mayar da Groups da Profile photo zuwa My contacts.

Akwai wata dabara da ba a cika sani ba. Mai kira zai ce ka danna wasu lambobi da suka fara da **21* don a ba ka kyautar data ko a gyara maka layi. Wannan umarnin karkatar da kira ne: duk kiranka zai koma wayarsa, sai ya nemi WhatsApp ya karanto lambar ta kira. Danna *#21# zai nuna maka ko an karkatar, ##002# kuma yana soke duka.

Ƙa'idar ɗaya ce ga banki ma. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar fin, ko lambar da aka turo, ko lambobi uku na bayan kati. Mai kira ya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka ba hujja ba ce. Ka kashe, ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka zuwa reshe.

Tambaya: Ƙawata ta turo min GBWhatsApp ta Xender, ta ce ya fi na asali. Kuma waya na yawan nuna min tana da cuta, in sauke maganinta. In sauke? Daga wata amarya a Azare.

Amsa: Allah Ya ba da zaman lafiya, Malama. Duka biyun a'a. GBWhatsApp da ire-irensa ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba wanda zai ba ki tabbacin inda saƙonninki da hotunanki ke zuwa, kuma kamfanin na rufe lambobin da ke amfani da su. Waƙa da bidiyo ta Xender ba laifi, amma manhaja daga Play Store kawai. Ki nemi Install unknown apps a Settings ki kashe wa kowace manhaja wannan izinin.

Saƙon da ke ƙyaftawa yana cewa waya ta kamu talla ce. Ki rufe shafin. Wayarki na da mai gadi a cikin Play Store: ki danna hotonki a sama, Play Protect, Scan. Wannan, tare da yin System update duk lokacin da ya zo, ya wadatar.

Ki riƙa karanta izinin da manhaja ke nema. Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutane ko saƙonni. Manhajojin ba da bashi sun fi kowa ɓarna a nan: su kwashe lambobin waya, in an makara biya su bi dangi da surukai da saƙon tozarci. Tun Mayun 2023 Google ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna, shi ya sa marasa gaskiyar suka koma yawo ta linki a WhatsApp. Linkin tallafin gwamnati ko kyautar data da aka ce a tura wa guruf biyar, shi ma a goge.

Tambaya: Garinmu wuta ba ta zama, kullum sai na aika da waya shagon caji. Ga shi in na yi lalle ba ta gane yatsana, har na yi tunanin cire makullin gaba ɗaya. Daga wata mai karatu a Maraɗi, Nijar.

Amsa: Kada ki cire, 'yar'uwa. Lalle da wanki da kaushin hunturu duk suna sa na'urar ta kasa karanta yatsa, musamman in hannu ya jiƙe ko fata ta tsattsage. Yawancin wayoyi na karɓar yatsu har biyar. Ki yi rajistar biyu a kowane hannu, ki shafa ɗan mai ki goge kafin ki ɗora, in ta ƙi ki sa fin. Buɗewa da fuska kuwa, a wayoyi masu sauƙin kuɗi kyamara ce kawai ke dubawa, har hoto kan yaudari wasu. Kada ki dogara da ita a wayar da ke da manhajar kuɗi, ko Airtel Money ce ko ta Nita.

Wajen caji, ki kashe wayar ɗungurungum kafin ki bayar. Wayar da aka kashe ba ta karɓar yatsa in an kunna sai fin, sim mai fin ma haka, kuma ta fi saurin cika. Memori shi ne mai rauni: makullin waya bai shafe shi ba, ana zare shi a kwafe cikin mintuna. Ki cire shi ki bari a gida. Ki karɓi lambar shaida ta shagon, ki yi wa batirin ko rigar wayar alama. In da hali, ƙaramin fawa-banki mai 10,000mAh zai cika yawancin wayoyi sau ɗaya da ɗoriya. Shi sai a riƙa aikawa caji, waya ta zauna a hannunki.

Wajen mai gyara ma haka: a cire sim da memori. Canjin gilashi ko bakin caji ko batir ba ya buƙatar fin ɗinki. In ya ce sai ya gwada, ki buɗe da hannunki a gabanki. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da Maintenance mode da ke ɓoye hotuna da saƙonni har a gama gyara. Hoton da ba ki so wani ya gani, mafi aminci kada ya zauna a waya tun asali, domin gogewa ba ta cire shi nan take. A Google Photos yana iya yin kwana 60 a kwandon shara.

In yara za su karɓa su yi kallo, ki kunna App pinning a ƙarƙashin Security. Yana maƙale su a manhaja ɗaya, ba su fita sai da fin.

Tambaya: Kuɗina ba su kai sabuwa ba, ta hannu zan saya. Me zan duba? Daga wani manomi a Funtuwa.

Amsa: Malam, ta hannu ba aibi ba ce in an sayo a shago tsayayye mai ba da rasit, irin na Farm Centre a Kano ko na kasuwar garinku. Wadda aka tare ka da ita a tasha, ba kwali ba caja, a rabin kuɗi, ka bar ta. In ta sata ce, ranar da aka bi sawu a hannunka za a same ta, kuma kai za ka yi bayani.

A gaban mai shagon ka danna *#06#, a rubuta IMEI a jikin rasit tare da sunan shago da lambar wayarsa. Ka sa a cire asusun Google na tsohon mai ita a Settings, Accounts, sannan a yi Factory reset, wato a goge komai da ke cikinta, kana kallo. Ka tsaya har ta tashi, ka haɗa ta da intanet, ka shigar da naka asusun. In ta nemi asusun wani, mai shagon kuma ya ce zai kai a buɗe, ka karɓi kuɗinka. Ka leƙa About phone ka ga lambar Android da ranar Security update na ƙarshe. WhatsApp ya daina aiki a ƙasa da Android 5 tun Oktoban 2023, manhajojin banki ma suna ta barin tsofaffin wayoyi, don haka mu dai ba za mu sayi ƙasa da Android 12 ba a yanzu.

Sim kuma ka yi rajistarsa da kanka, da NIN ɗinka, ka danna *996# ka tabbatar an haɗa. Layin da aka sayo da rajistar wani, ranar da ya ɓata ba za a yi maka sabo ba. Tsohon layinka na ƙaramar waya, in shi ne a banki, kada ka yar da shi a aljihun tsohuwar riga: layin da ya yi watanni ba kira ba kati, kamfani na sake sayar da lambar, alat ɗinka ya riƙa zuwa wa baƙo. Ko ka ci gaba da sa masa kati, ko ka je banki ka cike takardar canjin lamba kafin ka ajiye shi.